Faifan wasa na hannu ya iso Gusau ya ƙi aiki: wa zai ɗauki asarar?

Mai Gidan Wasa, Tudun Wadan Gusau:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani ciniki da ya tsaya mini a rai, kuma na kawo shi nan ne saboda a cikinmu akwai masu gyara da malamai da 'yan kasuwa. Ina da ɗan shago inda matasa suke biya su buga ƙwallo a PlayStation 4. Na ga tallar faifan EA Sports FC 24 na hannu a wani zauren saye da sayarwa, mai shi yana Birnin Kebbi, ya rubuta cewa faifan lafiyarsa ƙalau. Da na nemi tabbaci, ya turo mini bidiyo yana sa faifan a na'urarsa, wasan ya buɗe, har ya ɗan buga. Muka daidaita a kan naira 22,000, na ƙara 3,000 kuɗin mota, na tura masa ta banki, shi kuma ya ba wani direba saƙon, ya biyo da shi ta Sakkwato zuwa tashar Gusau.

Da na sa faifan a na'urata sai ta gane shi ta fara kwafe wasan, amma kafin ta kai rabi sai ta tsaya ta nuna lambar kuskure CE-30005-8, kuma duk lokacin da na sake gwadawa a wuri ɗaya take tsayawa. Sauran faifaina suna aiki a cikin wannan na'ura ba tare da matsala ba. A ranar da saƙon ya iso na sanar da shi, amsar da ya ba ni ita ce na ga bidiyo da idona, kuma kayan hannu idan an saya ba a mayarwa. Ban zo don in tona asirin kowa ba, shi ya sa ban sa sunansa ba. Abin da nake so in sani shi ne ko ina da haƙƙin a mayar mini da kuɗina, da kuma hanyar da zan bi ba tare da na zalunce shi ba.

Ɗan Samaru, Gusau:
Wa alaikumus salam. Malam, a ganina wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Mutum ya karɓi kuɗinka ya turo maka abin da ba ya aiki, sannan ya ƙi mayarwa, to wane suna za a kira wannan da shi in ba damfara ba? Ka sa hotonsa da lambar asusunsa a duk zaurukan saye da sayarwa na Kebbi da Zamfara da Sakkwato domin mutane su guje shi, sannan ka kai ƙara ofishin 'yan sanda. Irin wannan lallashi ne ya sa masu wannan hali suke ƙara yawa.

Dattijon Kasuwa, Jega:
Ɗana, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, domin ba zai yi maka daɗi ba. Na tsufa a cikin kasuwa, kuma abin da muka tarar iyayenmu suna yi shi ne wanda zai sayi kayan hannu yakan juya su ya duba, ya gwada a gaban mai su, idan an sallama masa ya biya, to magana ta ƙare. Sauƙin farashin da ka samu shi ne ladan kasadar da ka ɗauka. Kai kuwa ka yi cinikin biri a sama, kana Gusau kaya suna Birnin Kebbi. Ban ce mai sayarwa ya kyauta ba, amma ina ganin ka roƙe shi ya rage maka wani abu, ba ka tilasta shi ba.

Mai Gyaran Na'ura, Sabon Garin Gusau:
Kafin a kira kowa ɗan damfara, ina roƙon a ba ni dama in bayyana yadda wannan na'ura take aiki, domin ina zaton a nan ne asalin saɓanin yake, kuma mai yiwuwa su biyun duka gaskiya suke faɗa.

PlayStation 4 ba ta buga wasa kai tsaye daga kan faifai yadda PlayStation 2 take yi a da. Ranar farko da aka sa faifai, na'urar tana kwafe wasan gaba ɗaya zuwa rumbun ajiyarta na ciki. Daga ranar, duk lokacin da aka sa faifan, abin da take yi kawai shi ne ta karanta ɗan abin da zai tabbatar mata cewa faifan na wannan wasa ne, sai ta buɗe kwafin da yake cikinta. Saboda haka idan mutum ya ɗora wasa a na'urarsa tun faifan yana da lafiya, daga baya faifan ya karce, zai iya yin wata da watanni yana bugawa bai san akwai matsala ba, matuƙar wurin da ake karantawa don tantancewa bai taɓu ba. Bidiyon da aka turo wa Malam ya nuna cewa na'urar mai sayarwa ta gane faifan, amma bai nuna cewa za a iya kwafe wasan daga farko zuwa ƙarshe ba. Na'urar Malam kuwa ba ta da wasan a ciki, dole ta karanta faifan duka, kuma da ta iso wurin da ya lalace sai ta tsaya. Wannan lamba da ta fito tana nufin an kasa karanta faifai ko rumbun ajiya, kuma tunda a wuri ɗaya take tsayawa kullum, sauran faifai kuma suna tafiya, zargina ya fi karkata ga faifan.

Malam, ka juya bayan faifan a ƙarƙashin haske mai ƙarfi ka gaya mana abin da ka gani.

Ɗan Samaru, Gusau:
Oga mai gyara, ni na ji ana cewa faifan da aka yi don Amurka ba ya aiki a na'urar da aka yi don Turai. Ko ba wannan ba ne? Idan kuma karcewa ce, na ga masu goge faifai da man goge baki ya dawo daidai.

Mai Gyaran Na'ura, Sabon Garin Gusau:
Ba wannan ba ne, ɗan'uwa. Faifan wasannin PlayStation 4 ba a kulle su da yanki ba, na Amurka yana tafiya a na'urar Turai ko ta Japan. Inda yanki yake shiga shi ne ƙarin kayan wasa da ake saye ta intanet, waɗanda dole yankin asusun mutum ya dace da yankin faifan, kuma wannan yana damun mutanenmu sosai tunda Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, yawancinmu da adireshin Amurka ko Ingila muke buɗewa. Amma wannan ba ya hana kwafe wasa. Haka nan da manhajar na'urar ce ta tsufa, da saƙon da zai fito daban ne, za ta ce a sabunta ta.

Maganar man goge baki kuwa, ina roƙon Malam kada ya kusance shi. Wannan dabara ta zamanin sidi da DVD ce. A DVD, rubutun yana can ciki da nisan milimita 0.6 daga fuskar faifai, saboda haka akwai abin da za a ɗan goge. Faifan PlayStation 4 kuwa Blu-ray ne, rubutunsa yana da nisan milimita 0.1 kacal daga fuska, an lulluɓe shi da wani shafi mai tauri da yake kare shi. Wannan shafi ne ya sa Blu-ray ba ya saurin karcewa, amma idan karce ya ratsa shi, gogewa ba ta ƙara komai sai ɓarna. Iyakar abin da za a yi shi ne a share da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.

Mai Gidan Wasa, Tudun Wadan Gusau:
Na gode Oga. Na duba kamar yadda ka ce. Akwai wani zane mai zurfi da ya lanƙwasa yana bin zagayen faifan, tsawonsa kamar gaɓar yatsa, farce yana jin sa. Ban sa masa komai ba sai ƙyalle busasshe. Kwalin kuma ya iso a naɗe da salatif, bai fashe ba, faifan yana zaune daram a mazauninsa.

Malamin Islamiyya, Talata Mafara:
Allah ya saka wa mai gyara da alheri, domin bayaninsa ya raba mana abubuwa biyu da mutane suke yawan cakuɗawa, wato algus da aibi.

Algus shi ne mai kaya ya san da aibi ya ɓoye. A kansa ne hadisin da Muslim ya ruwaito ya zo, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci ya cusa hannunsa ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wannan zunubi ne, kuma ba mu da hujjar jingina shi ga mutumin Birnin Kebbi, tunda an nuna mana hanyar da zai iya kasancewa bai sani ba.

Amma rashin saninsa ba ya sauke haƙƙin mai saye. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da yake rage darajarsu, wanda bai gani ba lokacin ciniki, yana da zaɓi: ko ya riƙe kayan a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai suke karantawa a zaurukanmu, ta kawo wannan a babin ciniki, kuma zaɓin bai rataya a kan mai sayarwa ya sani ko bai sani ba. Faifan da ba ya kwafuwa kuwa ba darajarsa ce kawai ta ragu ba, amfanin da aka saye shi dominsa ne ya tafi gaba ɗaya.

Baba na Jega, ina girmama maganarka, kuma tana da gurbi. Wanda ya sayi kayan hannu ya yarda da tsufa da dusashewar kwali da ƙananan tabo, ba zai dawo ya ce a ba shi sabo ba. Haka wanda ya ga aibi ƙuru-ƙuru ya saya, ba shi da ta cewa. Sai dai wannan ciniki na kayan da ba sa wurin ne, an sayar da su bisa siffa, kuma malamanmu sun halatta irinsa da sharaɗin kaya su zo kamar yadda aka siffanta. Siffar da aka bayar ita ce lafiyarsa ƙalau. Idan siffar ba ta tabbata ba, cinikin bai lazimci mai saye ba.

Ina kuma ƙarfafa gargaɗin mai gyara ta fuskar shari'a. Idan sabon aibi ya auku a hannun mai saye, hukuncin yana sauyawa: sai dai ya riƙe kayan a biya shi gwargwadon tsohon aibin, ko ya mayar tare da biyan abin da ya ɓata. Saboda haka kada a taɓa faifan da komai.

Dattijon Kasuwa, Jega:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan siffa, domin wanda ya ce lafiya lau ya ɗauki alkawari. Amma akwai tambayar da ba a amsa ba. Wa ya ce zanen nan daga Birnin Kebbi ya taso? Saƙo ya kwana a mota, ya bi hannun 'yan kamasho, sannan ya shiga shagon da yara suke shiga da fita. Mai sayarwa zai iya cewa a hanya ya samu, ko a hannun ɗana na Gusau, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba sai da hujja.

Malamin Islamiyya, Talata Mafara:
Tambayar tana wurinta, Baba. Ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, kuma a maganar tsufan aibi ana komawa ga masana wannan sana'a su duba su faɗi abin da suka gani. Game da hanya kuwa, a cinikin kayan da ba sa wurin, irin waɗanda ake ɗauka, lamuni yana kan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa, sai fa idan sun yi sharaɗin akasin haka. Abin da za a tambaya shi ne wa ya zaɓi direban. Idan mai saye ne ya ce a ba wane, to direban wakilinsa ne, karɓarsa karɓar mai saye ce tun daga tashar Birnin Kebbi. Idan kuwa mai sayarwa ne ya nemo shi, to kaya suna hannunsa har Gusau.

Mai Gidan Wasa, Tudun Wadan Gusau:
Shi ya nemo direban, Malam. Ni lambar waya kawai aka turo mini aka ce in je tasha in karɓa.

Ma'aikaciyar Shari'a, Birnin Kebbi:
Ina so in yi magana a kan shawarar ɗan'uwanmu na Samaru, domin ita ce irin wadda mutane suke saurin bi, kuma ita ce take jefa mai gaskiya cikin wahala. Yaɗa hoton mutum da lambar asusunsa da sunan ɗan damfara, alhali ba a tabbatar da niyyar cuta ba, ɓata suna ne, kuma laifi ne a dokar final kod da ake aiki da ita a Arewa. Sai ka ga wanda ake bin sa naira 22,000 ya koma shi ne mai ƙara. 'Yan sanda ma ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Da a ce ya karɓi kuɗi ya kashe waya, ko ya turo kwali babu komai a ciki, da wannan wata magana ce. Mutumin da ya turo kaya kuma yake amsa saƙo, saɓanin ciniki ne tsakaninku.

Banki kuma ba zai janyo kuɗin da ka tura da hannunka ba don kawai kaya ba su yi ba, sai da yardar mai asusun ko umarnin kotu.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, tana tafiya kusa da abin da Malam ya bayyana. Ta ba mai saye damar mayar da kaya a biya shi kuɗinsa idan bai samu damar duba su ba kafin a kawo, kuma ya ƙi su cikin lokacin da ya dace saboda ba su zo kamar yadda aka siffanta ba. Sanar da shi da ka yi a ranar da saƙo ya iso yana da muhimmanci, ka adana wannan hira da shaidar tura kuɗi da bidiyon. Sai dai in gaya maka gaskiya, dokar ta fi ƙarfi a kan mai sana'ar sayarwa fiye da wanda ya sayar da abinsa na gida sau ɗaya. Kotun shari'a ma tana sauraron irin wannan, amma zirga-zirga tsakanin Gusau da Birnin Kebbi za ta cinye fiye da abin da kake nema. Sulhu ne ya fi maka, kuma ba a sulhu da mutumin da ba ya wurin.

Shugaban Zaure:
Hajiya ta faɗi abin da nake shirin faɗa. Mun ji ɓangare ɗaya, bai kamata mu ci gaba ba sai mun ji ɗayan. Na karɓi lambarsa a keɓe daga Malam na Tudun Wada, na kira shi, na karanta masa abin da aka tattauna, kuma ya yarda ya shigo. Ina roƙon kowa ya kame bakinsa daga zagi, wanda ya saɓa zan cire saƙonsa.

Mai Sayarwa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na karanta komai tun daga farko. Ni ɗalibi ne, ba sana'ata ba ce sayar da faifai, na sa wannan ne da wasu guda biyu a talla domin in haɗa kuɗin makaranta. Na rantse da Allah ban san faifan yana da matsala ba. Tun da na saye shi na sa shi a na'urata, ni da ƙannena muke bugawa, bai taɓa tsayawa ba, har daren da na ɗauki bidiyon. Da Malam ya kira ni ya ce ba ya aiki, abin da ya zo mini a rai shi ne ko na'urarsa ce ba ta da lafiya, ko kuma an canza faifan ana so a mayar mini da wani, domin an taɓa yi wa wani abokina haka. Shi ya sa na amsa masa da zafi. Bayanin mai gyara ban taɓa jin sa ba sai yau. Duk da haka ina so a tabbatar mini cewa faifaina ne, kuma zanen ba a can ya samu ba, domin kuɗin nan ba su da yawa a wurin wasu, amma a wurina suna da yawa.

Ɗan Samaru, Gusau:
Na janye kalmar damfara, ƙanena, tunda ka fito ka yi magana. Amma har yanzu ina mamakin yadda mutum zai sayar da faifai bai juya bayansa ya duba ba. Zanen da farce yake ji ba ɓoyayyen abu ba ne.

Mai Gyaran Na'ura, Sabon Garin Gusau:
Buƙatarsa daidai ce, kuma ana iya biya masa ita. Shagona ba shi da nisa da Tudun Wada. Malam ya kawo faifan da kwalinsa, ni kuma ina da na'urar da ba a taɓa ɗora wannan wasa a cikinta ba, idonta kuma lafiya yake. Za mu kira ɗan'uwanmu na Birnin Kebbi ta bidiyo, ya ga faifan gaba da baya, ya ga an sa shi, ya ga inda zai tsaya ko ya wuce. Idan ya kwafu har ƙarshe, to na'urar Malam ce take buƙatar gyara, ciniki ya zauna. Ina kuma roƙonsa ya turo mini ainihin bidiyon da ya ɗauka a matsayin fayil, ba ta hanyar da WhatsApp yake matse shi ba, domin hoton ya fito sosai.

Shugaban Zaure:
Duka ɓangarorin sun amince da wannan, kuma sun amince cewa abin da gwajin ya nuna shi za a bi. Za mu jira sakamako.

Mai Gyaran Na'ura, Sabon Garin Gusau:
Jama'a, an yi gwajin bayan sallar la'asar, su biyun suna kallo. Mai sayarwa ya gane kwalinsa da wata alama da ƙanensa ya yi da biro a cikin murfin, ya kuma gane faifan. Na'urata ta fara kwafewa, ta tsaya kusan inda ta Malam take tsayawa, da lambar kuskure iri ɗaya. Zanen yana bin zagayen faifan ne, kuma irin wannan ya fi wanda ya ratsa daga tsakiya zuwa baki illa, domin rubutun faifai a zagaye yake tafiya, zane mai bin sa yana shafe dogon layi a jere har na'urar ta kasa cike gurbin.

A kan tsufan zanen kuwa, bidiyon mai sayarwa ne ya raba gardama. Akwai daƙiƙar da ya ciro faifan daga kwali ya ɗan karkata shi kafin ya tura a na'ura, hasken ƙwan ɗakin ya bugi bayansa. Da muka tsayar da hoton a nan muka ƙara girmansa, zanen yana nan a wurin da yake yanzu. Shi da kansa ya gani ya ce haka ne. Ni a matsayina na mai wannan sana'a, shaidata ita ce aibin ya riga ciniki, kuma ban ga abin da ya nuna ya san illarsa ba, domin wanda yake son ɓoye zane ba zai juya shi ga haske a gaban kyamara ba.

Mai Sayarwa, Birnin Kebbi:
Na gani da idona, kuma na yarda zan mayar da kuɗin faifan. Matsalata ita ce na riga na biya kuɗin makaranta da su. Ina da 12,000 a hannu da zan iya turawa yau, ragowar 10,000 kuma ina roƙon a ba ni zuwa ƙarshen wata. Abin da ban gane ba shi ne 3,000 na mota, tunda direba ne ya karɓa ba ni ba, da kuma kuɗin dawo da faifan.

Malamin Islamiyya, Talata Mafara:
Allah ya yi maka albarka, ɗana. A kan ɗaukar kaya, malamanmu sun bambanta tsakanin wanda ya ɓoye aibi da gangan da wanda bai sani ba. Na farko shi ake ɗora wa wahalar mayar da kaya inda suka fito, domin shi ya jawo ta. Na biyu kuwa ba a ɗora masa, mai saye ne yake mayarwa idan wurin ba shi da nisa. Tunda shaidar mai gyara ta wanke ka daga ɓoyewa, ban ga dalilin tilasta maka kuɗin mota ba. Jinkirin biya kuma haƙƙin Malam na Tudun Wada ne, shi zai bayar ko ya hana, sai dai Alƙur'ani ya yi umarni da a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Ma'aikaciyar Shari'a, Birnin Kebbi:
Ni a nan na ɗan saɓa da Malam, domin mai saye bai yi laifin komai ba, kuma 3,000 ɗin nan ya kashe su ne saboda siffar da ba ta tabbata ba. Da ni ake tambaya, da na ce a raba su biyu. Amma tunda sulhu ake yi, abin da suka yarda da shi shi ne hukunci. Abin da nake nacewa a kai shi ne a rubuta yarjejeniyar a nan, da adadi da rana, kuma faifan ya zauna amana a hannun mai gyara har a gama biya, kada ya koma Birnin Kebbi kuma kada ya koma shagon Tudun Wada.

Mai Gidan Wasa, Tudun Wadan Gusau:
Na yafe kuɗin motar, Hajiya, domin na gamsu cewa yaron nan bai yi niyyar cutata ba. Na kuma yarda da 12,000 yau da 10,000 ranar ƙarshe ta wannan wata. Faifan yana wurin Oga tun bayan gwajin. Kuɗin farko sun shigo yanzu, na tura wa Shugaba shaidar a keɓe. Idan an kammala, ina da ɗan'uwa da yake zuwa Birnin Kebbi sayen shinkafa, zai kai masa faifan hannu da hannu ba sai an biya mota ba.

Mai Sayarwa, Birnin Kebbi:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Oga mai gyara, akwai sauran faifai biyu da na sa a talla, wani daga Argungu ya riga ya yi magana a kan ɗaya. Yaya zan gwada su yadda ba za a sake samun irin wannan ba?

Mai Gyaran Na'ura, Sabon Garin Gusau:
Ka goge wasan daga na'urarka tukuna, ajiyar ci gaban da ka yi a wasan ba za ta tafi ba domin wurinta daban ne. Sannan ka cire intanet, ka sa faifan, ka bar shi ya kwafu har ma'aunin ya cika, ba wai ka tsaya a lokacin da ta ce za ka iya fara bugawa ba, domin a lokacin ɓangare kaɗan ta kwafa. Ka ɗauki bidiyon farkon kwafewar da ƙarshenta, ka ɗauki hoton bayan faifan a hasken rana, ka tura wa mutumin Argungu kafin ya turo ko sisi. Idan akwai zane, ko ƙarami ne, ka faɗa masa a rubuce. Argungu kuma ba ta da nisa da ku, idan zai iya shigowa Birnin Kebbi da na'urarsa a gwada a gabansa, wannan ya fi duka.